Yadda Muka Je Ɗaukar Hoton Mama Ni Da Goggona

Maganar da na zo muku da ita wannan mako mai nauyi ce a baki, irin wadda mace ba ta yi sai da uwarta ko aminiyarta, wani sa'i ma ko su ba ta iya gaya wa. Amma tun da wannan fili namu ne, bari in ajiye kunya gefe guda in faɗa, don an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni dai a Hanwa na ke zaune, a hannun Goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida. Na gama kwalejin horon malamai, ina koyarwa a wata firamare nan kusa da mu. Wata rana cikin daminar 2024, ina wanka da dare, sai hannuna ya taɓa wani ɗan ƙullutu cikin mamana na hagu, bai fi ƙwarar gurjiya ba. Ba ya ciwo. In na danna shi sai ya sulluɓe ya gudu ƙarƙashin yatsa. Shekarata 25 a lokacin. Mako uku na yi ban gaya wa kowa ba, ina shiga aji ina koya wa yara lissafi, zuciyata kuwa tana can wajen lissafin kwanakin da suka rage mini.

Da abin ya ishe ni na sami Goggo a ɗaki bayan sallar isha'i na gaya mata. Ta yi shiru har na zaci ba ta ji ba. Can sai ta tashi ta saki labule, ta kama hannuna ta ɗora a kan mamanta na dama, ta ce, "Taɓa nan." Na taɓa. Wani abu ne mai tauri kamar tsakuwa, ya fi nawa girma, kuma ba ya motsi ko kaɗan. Na ce, "Goggo, tun yaushe?" Ta ce, "Wata bakwai ke nan." Ashe duk shafe-shafen nan da na ke gani tana yi, da jiƙe-jiƙen da ta ke sha da asuba tana cewa na sanyi ne, na wannan ne. Na ce don me ba ta je asibiti ba. Ta ce, "Ke yarinya ce. Daji ba ya son ƙarfe. Ran da allura ta taɓa shi, ran nan ya ke fusata."

Ban yi mata gardama ba, don na san halinta. Cewa kawai na yi, "To, Goggo, in ba ki je ba ni ma ba ni zuwa. Sai mu zauna da su tare." Da wannan na ci ta. Abin da ba ta yarda ta yi don kanta ba, ta yi domina.

Likita ya duba mu ɗaya bayan ɗaya, da nas mace a tsaye a wurin. Ya lalluba mama biyu duka, ya lalluba hammata da gindin wuya. Sa'an nan ya rubuta mana takarda ko wace da tata. Ni ya tura ni sikanin, irin hoton nan da a ke yi wa masu ciki. Goggo kuwa ya rubuta mata hoto biyu, wanda a ke kira mamogiram, da kuma sikanin ɗin. Gaskiya sai raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ciwo ɗaya, wuri ɗaya, don me za a ba ta babban hoto ni a ba ni ƙarami? Ko don ya ga ni yarinya ce ba ni da kuɗi? Kun san halinmu malaman makaranta, ba mu iya barin tambaya ta kwana. Na tambaye shi. Ya yi murmushi ya ce, "Malama, zauna. Ba babba da ƙarami a ciki. Ko wane da idon da ya ke gani da shi." Abin da ya faɗa mini ran nan, da abin da na bi na karanta bayan haka, su ne zan zayyana muku.

Mamogiram dai eksire ne, ɗan'uwan hoton nan da a ke ɗauka in mutum ya karye. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen shi ya gano wannan haske a 1895, kuma a 1913 wani likitan tiyata a birnin Balin, Albert Salomon, ya fara haska shi a kan maman da aka yanke, ya ga lalle a kan iya bambanta sankara da lafiyayyen nama. Yadda a ke yi yanzu, mace ta tsaya gaban na'ura, a ɗora mama a kan wani faifai, a sauko da wani faifan a matse shi har ya baje, a ɗauka daga sama, a sake ɗauka daga gefe. Haka za a yi wa ko wane mama, ko da ɗaya ne ke da ciwo, don a gwada su da juna. Matsewar nan ba daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Goggo ta fito tana cewa ko tuwon da ya kwana ba a yi masa irin wannan danna. Amma 'yan daƙiƙu ne, kuma dalilinta shi ne a baza naman don kada wani abu ya ɓuya bayan wani. Hasken da ke shiga jiki kuwa kaɗan ne, bai wuce abin da jikin mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin kamar mako bakwai ba, yana zaune a gidansa.

To, ga inda maganar ta ke. A cikin wannan hoto kitse baƙi-baƙi ya ke fitowa, naman da ke yin ruwan nono kuwa fari. Sankara ita ma fara ta ke fitowa. Maman yarinya cike ya ke da wannan nama mai kauri, saboda haka hotonsa fari fat ya ke zuwa. Neman ƙullutu a cikinsa kamar neman ƙwan kaza ne cikin tarin kaɗa. Amma in mace ta manyanta, naman nan ya kan ragu kitse ya maye gurbinsa, sai hoton ya yi duhu, ƙwan nan ya fito sarai kamar an ajiye shi kan baƙin zane. Goggo shekararta 48, ta haifi shida, hoton zai yi mata aiki. Ni kuwa da an yi mini, da an matse ni a banza.

Har wa yau akwai abin da mamogiram ke gani wanda sauran ba su cika gani ba, watau waɗansu 'yan ɗigo-ɗigo farare, ƙanana kamar garin gishiri, waɗanda a kan samu wani lokaci a inda sankara ke shirin tsirowa, tun hannu bai iya jin kome ba. Don haka ne shi a ke yi wa matan da ba su da ciwon kome, don a riga cutar. A Ingila hukuma ta kan aika wa mace takardar kira daga shekara 50 zuwa 70, bayan ko wace shekara uku. A Amurka, a 2024, masu ba da shawara kan lafiya suka ce a fara daga shekara 40 har zuwa 74, bayan ko wace shekara biyu. Mu nan ba wanda zai aiko miki da takarda. Sai ke ki kira kanki.

Sikanin kuwa ba haske ba ne, sauti ne, mai tsinin da kunnen mutum ba ya ji. Kun san yadda jemage ke tashi cikin dare ba ya karo da bango? Ƙara ya ke yi, ta bugi abu ta komo masa, ya san inda abin ya ke. Haka wannan na'ura ta ke. Wani likitan mata a Gilasgo, Ian Donald, yana cikin waɗanda suka fara duba cikin mutum da ita, ya buga bayanin aikinsa a 1958. Na kwanta rigingine, na ɗaga hannu bisa kai, aka shafa mini wani abu mai sanyi mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, aka riƙa goga wani ɗan abu a kai, hoto yana fitowa a allo. Ba zafi, ba matsewa. Kaurin nama bai dame shi ba, don haka shi a ke fara yi wa 'yan mata da waɗanda ba su kai talatin ba, da masu ciki, da masu shayarwa. Babban gwanintarsa ita ce ya faɗa maka ko ƙullutun nan ruwa ne a ƙunshe ko tsoka ce, ko gefensa sumul ya ke ko zaƙo-zaƙo. Kuma shi ya fi araha, ya fi samuwa.

Amma shi ma yana da nasa aibi. Ba ya cika ganin 'yan ɗigo-ɗigon nan da na faɗa. Sa'an nan kyawunsa yana hannun mai riƙe da shi, don abin da bai goga a kai ba bai gani ba. Ba ko wane shago mai allon "ana sikanin" ne ya iya duba mama ba. Wanda ya saba duba kwanciyar jariri a ciki dabam, wanda ya ƙware a mama dabam. Ki tambayi likitanki inda za ki, kada ki bi kusa ko sauƙi.

Bari in ɗan ratse a nan, don abin yana ci mini rai. Akwai waɗansu mutane masu yawo gida-gida da makarantu da wata 'yar kwamfuta, su ba ki wani ƙarfe ki riƙe minti ɗaya, wai ta karanta duk ciwon da ke jikinki tun daga kai har ƙafa. Goggo ta biya irin waɗannan kuɗi tun kafin ta gaya mini. Suka ce mata sanyi ne da rashin jini, suka sayar mata da kwalabe uku. Wata uku ta yi tana sha hankalinta kwance. Wannan ba hoto ba ne, ba gwaji ba ne, ba abin da ya ke gani sai aljihunki.

Na ukunsu shi ne wanda a ke kira Em-Ar-Ai, hoton maganaɗisu. Wannan mu ba mu yi shi ba, amma saura kaɗan ya raba mana gida. Ɗan Goggo na fari da ke aiki a Kaduna ya bugo waya, ya ce shi bai yarda da ƙananan hotunan nan ba, a kai uwarsa a yi mata wanda ya fi duka tsada, ko da zai ci bashi. Ka ji ɗa na kirki, amma ya ɗauka tsada ita ce kyau. Yadda a ke yin sa, a yi wa mace allurar wani ruwa a jijiya, ta kwanta rub da ciki, a tura ta cikin wani rami kamar bututu, ta yi rabin sa'a ko fi ba motsi, na'ura tana ta ƙara kamar injin niƙa. Ba eksire a cikinsa, maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, har ba a shiga ɗakin da ɗan kunne ko makulli. Gaskiya ne ya fi sauran kaifin ido. Amma kaifin idon nan shi ne kuma matsalarsa, don ya kan nuna abubuwa da yawa waɗanda ba kome ba ne, a tayar wa mace da hankali, a yi ta huda ta a banza. Saboda haka ba kowa a ke yi wa ba. A kan ajiye shi don matan da cutar ta yi yawa a danginsu, ko waɗanda aka gwada aka ga sun gaji halinta, ko in hotunan farko sun bar likita cikin shakka. Likita ya ce a gaya wa yaron ya riƙe kuɗinsa, akwai ranarsu a gaba. Kuma ta zo.

Da takardun suka fito na ga ko wace an rubuta mata lamba a ƙasa. Ku riƙe wannan, 'yan makaranta musamman, don ku za a miƙa wa takarda a ce ku karanta. Likitocin hoto suna da wani ma'auni daga 0 zuwa 6. In an sa 0, hoton bai isa ba, sai an ƙara wani. In 1 ce ba a ga kome ba, 2 an ga abu amma ba mugu ba ne. Lamba 3 ga alama ba mugu ba ne, amma a komo bayan wata shida a sake dubawa. Lamba 4 akwai shakka, 5 kuwa shakkar ta yi ƙarfi ƙwarai, su biyun nan sai an ɗebi tsoka. Lamba 6 ta wadda an riga an tabbatar ce. Tawa 3. Ta Goggo 5. Likita ya ɗaga hotonta ya nuna mini wani farin abu mai ƙafafu ta ko'ina kamar gizo-gizo. Ban gaya mata ma'anar lambar a hanya ba. Muna cikin keke ina kallon titi, ita kuwa tana ta yi mini zancen tsadar tumatir.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, duk hotunan nan uku, ba wanda ya isa ya yanke hukunci. Hoto shaida ne kawai, ba alƙali ba. Ba a cewa mace tana da sankara sai an sa allura an ɗebo ɗan tsokar wurin, siriri kamar zare, an kai ɗakin gwaji an duba da madubin likita. Nan fa muka komo kan maganar ƙarfe. Goggo ta ce hoto dai ta yarda, tun da ba a huda ta ba, amma allura sai bayan ranta. Maƙwabta suka taya ta, ko wace da labarin wance da aka taɓa, ba ta yi wata uku ba.

Na yi ta tunanin inda wannan magana ta samo asali, don ba a banza mutane ke faɗinta ba. Ga abin da na gane. Matanmu ba su zuwa asibiti sai ciwo ya fashe, ya bi jiki, ya kama huhu ko ƙashi. Likita ya taɓa, bayan kwana kaɗan mai ciwo ta cika, sai a ce ƙarfe ne. Ba a lissafa shekara guda ko biyu da ta yi tana shafe-shafe a ɗaki. Allurar gwaji ba ta watsa cutar. A Nijeriya mafi yawan mata sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu su ke isa hannun likita, kuma da yawansu ba tsofaffi ba ne, 'yan arba'in da wani abu ne, masu 'ya'ya ƙanana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da sankarar mama a duniya, 670,000 suka rasu. A Nijeriya kaɗai an ƙiyasta sababbin kamu sama da 32,000 a shekarar, waɗanda suka rasu kuwa sama da 16,000. Ku duba, kusan rabi ke nan. A ƙasashen da a ke kama ta da wuri, cikin mata goma tara su kan wuce shekara biyar da ransu.

Duk wannan lissafi na karanta wa Goggo, bai shiga kunnenta ba. Abin da ya yi aiki dabam ne. Likita ya riga ya ce mini ina da zaɓi, ko in jira wata shida a sake sikanin, ko a ɗebi tsokar tawa yanzu hankalina ya kwanta. Sai na ce a ɗeba, kuma a fara da ni, Goggo tana zaune a bakin ƙofa. Muka hau mota daga Kwangila, muka wuce Palladan da Samaru, har Asibitin Koyarwa na Shika. Aka yi mini allurar kashe zafi, na ji wani ɗan ƙaras kamar an taka busasshen kara, shi ke nan. Na fito da 'yar filasta ina dariya, ko da ya ke ƙafafuna rawa su ke yi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki." Ta miƙa mini mayafinta da jakarta ta shiga. Mijinta, Allah ya saka masa, shi ya sa hannu ya kuma tsawata wa masu zuwa da jiƙo.

Nawa ya fito ba kome, wani ƙullutu ne da a kan samu a jikin 'yan mata da yawa, ba ya zama barazana. Galibin ƙullutun mama haka su ke, sai dai ba a sanin wanne ne wanne da hannu. Na Goggo sankara ce, mataki na biyu. Aka ɗauki hoton ƙirjinta da cikinta aka ga ba ta bazu ba. Aka yi mata aiki aka cire maman, aka yi mata alluran nan masu zubar da gashi, wata da watanni muna hanyar Shika. Ba zan ce muku da sauƙi ba. Adashinta ya tafi, tumakinta biyu sun tafi, kuɗin yaron nan na Kaduna da aka hana shi kashewa a kan hoto su ma sun tafi. Akwai daren da ta ce in bar ta haka nan ta gaji. Yanzu tana shan ƙwaya guda kullum, an ce sai ta shekara biyar a ƙalla, gashinta ya tsiro, ta koma sana'arta ta ƙosai.

Ke da ke karanta wannan, ga abin da zan roƙe ki. Ki san mamanki. Bayan kin yi wankan tsarki da 'yan kwanaki, ki tsaya ki duba, ki lalluba har hammata. In kin ji ƙullutu, ko kaluluwa a hammata, ko kin ga kan nono ya shige ciki, ko yana fid da jini, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemo, ki tafi, kada ki jira ya yi ciwo, don sau da yawa mugun ba ya ciwo da fari. Ba ke za ki zaɓi hoto ba, likita ne, amma kina da ikon tambayarsa dalili kamar yadda na yi. In an tura ki mamogiram kada ki shafa hoda ko turaren hammata ran nan, don su kan fito a hoton kamar ɗigo-ɗigon nan. In kina zaton kina da ciki ki faɗa tun kafin a fara. In kunyar namiji ce ta hana ki, ki nemi mace ta yi miki, ko ta tsaya a wurin. Kuma ki adana tsofaffin hotunanki, don da na bara a ke gane abin da ya sake bana.

Wani abu kuma da ban sani ba sai a wannan tafiya, ashe gadon wannan cuta ba ta wajen uwa kaɗai ya ke bi ba, har ta wajen uba. Tun da Goggo ƙanwar mahaifina ce, likita ya rubuta wannan a katina, ya ce duk likitan da zan gani nan gaba in gaya masa. Amma kada wadda ba ta da kowa mai ciwon a dangi ta ce ta tsira, don yawancin masu kamuwa ba su gada ba.

Maman Goggo da ya rage a kan yi masa mamogiram shekara-shekara. Hotunan suna cikin wata babbar ambulan a ƙarƙashin katifarta, tare da takardar gida. Wannan karon ba ni na tuna mata ba, ita ta tashe ni tun da asuba, ta ce in yi sauri kada layi ya yi tsawo, kuma ta ce mu biya ta Hayin Dogo mu ɗauki ƙawarta, wai akwai abin da ta ke so likita ya taɓa.